Tsoro Na Daji: Tarihin Zaman Mutanen Arewa Da Manyan Namun Dawa

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, tsoro na daji, kunya na gida. Duk wanda ya fara furta wannan magana ya san dajin da yake nufi, domin a zamaninsa mutum ba ya bukatar doguwar tafiya kafin ya gamu da abin da zai sa tsikar jikinsa ta tashi. Da zarar ya fita ƙofar gari, ya wuce gonakin karkara, to ya shiga ƙasar da ba sarkinsu ne ke iko da ita ba. A yau kuwa, akasarin waɗanda za su karanta wannan mujalla ba su taɓa ganin zaki ba sai a gidan ajiye namun daji ko a talabijin. Hasali ma, zakunan da suka firgita mutanen birni a shekarun baya-bayan nan daga keji suka kuɓuce, wato na Jos a watan Disamba na 2015, wanda aka harbe, da na Kano a watan Oktoba na 2019, wanda aka samu aka mayar da shi mazauninsa.

Wannan ya sa mutane da dama suke ɗaukar haɗarin manyan namun daji tamkar zancen tatsuniya. To, amma manomin shinkafa a bakin kogi a Yawuri, da manomin dawa a ƙasar Alkaleri, ba su ɗauke shi haka ba. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin zaman da aka yi tsakanin mutanen Arewa da giwa da zaki da kura da dorina, domin a nuna cewa abin da ya kare kakanninmu shi ne iyakar da ke tsakanin gari da daji, da kuma mutanen da aka ɗora wa alhakin tsare ta. Namun sun ragu ainun, amma iyakar ta rushe, sai haɗarin da ya saura ya tattaru a kan 'yan tsirarun talakawa.

Lokacin Da Daji Ya Fi Gari

Labaran kafuwar garuruwanmu cike suke da mafarauta. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya buɗe ne da labarin Barbushe na Dutsen Dala, ƙaƙƙarfan maharbin da aka ce yakan kashe giwa da sandarsa, ya ɗauko ta a ka, ya yi tafiyar kimanin mil 9 da ita. Ko da mai karatu bai gaskata ƙarfin Barbushe ba, labarin ya nuna abu biyu: akwai giwaye a kewayen Kano a wancan zamani, kuma wanda ya iya da su shi jama'a kan ba shugabanci. Haka nan labarin Bayajida da macijin rijiyar Kusugu a Daura, inda baƙon da ya kawar da dabbar da ta hana mutane ruwa ya sami auren sarauniya.

Harshen kansa shaida ne. Har gobe idan za a kambama basarake sai a ce masa zaki, ko toron giwa, ko giwa mai karya itace. An yi Sarkin Kano Muhammadu Zaki, wanda ya yi mulki daga 1582 zuwa 1618. Akwai Giwa a Jihar Kaduna, da Zaki a Jihar Bauchi, da unguwar Rijiyar Zaki a Kano. Kura kuwa ta cika tatsuniyoyi da karin magana, har aka ce mai akuya ya yi tafiyar dare, balle mai kura. Al'umma ba ta cika bakinta da sunan dabbar da ba ta zauna da ita ba.

Matafiyan Turai na ƙarni na 19 sun tarar da wannan hali bai gushe ba. Dixon Denham ya ga garkunan giwaye a gaɓar Tafkin Cadi a 1823. A 1824 abokin tafiyarsa Hugh Clapperton ya ratsa dajin Gundumi a kan hanyarsa daga Kano zuwa Sakkwato, dajin da ayari kan tsallake cikin gaggawa saboda ƙarancin ruwa da tsoron mahara. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John sun kwana cikin fargaba a kogin Kwara, yayin da dorinai suka kewaye kwalekwalensu da dare. Shi kuwa Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya ƙirga giwaye 96 a garke guda suna gangarawa ruwa a arewacin Tafkin Cadi a 1851.

Ya kamata a lura da abin da ya raya waɗannan dazuzzuka. Yaƙe-yaƙe da hare-haren kamun bayi sun sa an bar faffadan fili babu kowa tsakanin wata daula da wata, kamar dajin Rugu tsakanin Katsina da Zamfara, da shi Gundumin da aka ambata. A wasu kwaruruka kuma ƙudan tsando ne ya hana makiyayi da manomi zama. Wato ke nan, abin da ya kori mutum shi ya ba dabba wurin zama.

Ganuwa Da Maharbi Da Sarkin Ruwa

A irin wannan zama, kariya ta farko ita ce gini. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar birnin, sarakunan baya irin su Muhammadu Rumfa suka faɗaɗa ta. Babu shakka don yaƙi aka yi ganuwa, amma ƙofar da aka rufe da almuru saboda abokan gaba ita ce kuma ta tsare kura da damisa. Ƙananan garuruwa kan kewaye kansu da kafi na itace, abin da ya bar mana sunaye irin su Kafin Hausa da Kafin Madaki. Makiyayi kuma kan yi wa garkensa shingen ƙaya, ya hura wuta, ya kwana kusa da shanunsa. Kowa ya san cewa dare na dabba ne, kuma wanda ya kai magariba a waje ya sayi abin da ya same shi da kuɗinsa.

Kariya ta biyu ita ce mutum. Farautar manyan namu sana'a ce ta gado, mai sirri da tsari da shugabanci. Akwai Sarkin Baka da Sarkin Dawa, waɗanda idan zaki ya addabi garke, ko damisa ta saba da awakin wani ƙauye, su ake aika wa. Makaminsu baka ne da kibiya wadda aka shafa wa dafin da akan haɗa da 'ya'yan ƙwanƙwani. Bayan bindiga ta yawaita, maharban giwa sukan cusa gajeren mashi mai dafi a bakinta su harba, sa'an nan su bi sawun dabbar har inda za ta faɗi. Maharbi ya san mashayar kowace dabba da lokacin wucewarta, saboda haka shi ne mai gaya wa manomi inda bai kamata ya yi saran gona ba.

A ruwa ma haka abin yake. Sarkawa, wato masuntan da suka bazu daga ƙasar Kabi zuwa Yawuri da sauran gaɓar Kwara, sun shahara da farautar dorina da kada, suna amfani da wani babban mashi da ake kira zago. Sarkin Ruwa shi ke da alhakin sanin halin kogi, kuma har yanzu a bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu tun 1934, sai ya ba da izini kafin masunta su faɗa Matan Fada, jama'a kuma sun yi imani cewa shi ke kawar musu da kadoji. Dorinar da aka kashe ba a yar da kome nata. A ci nama, a yanka fatar a yi bulala, wadda sunan dabbar ya bi ta, har dorinar dogari ta zama abin tsoro a cikin gari kamar yadda mai fatar take a cikin ruwa.

Ba a ce wannan tsari ya hana ɓarna ba. An yi asarar rayuka da dabbobi da amfanin gona. Sai dai kowa ya san inda gari ya ƙare, ya san inda daji ya fara, ya kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan dabba ta ƙetare haddi.

Yadda Daji Ya Ƙanƙance

Abubuwa da dama ne suka taru suka juya wannan zama. Na farko shi ne cinikin hauren giwa. A ƙarni na 19 fatake Hausawa sun kutsa ƙasar Adamawa, har Banyo da Tibati da Ngaundare a Kamaru ta yau, suna sayen haure. Wani a bi da shi ta Kano a ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, wani kuma, musamman a ƙarshen ƙarnin, a sayar wa kamfanonin Turawa a bakin Binuwai. Daga nan giwa ta tashi daga maƙwabciyar da ake kora ta koma dukiyar da ake nema. Na biyu shi ne annobar bushiya da ta ratsa Afirka a wajejen 1890, wadda ta karkashe shanun Fulani, ta kuma haɗa da ɓauna da wasu namun da zaki ke rayuwa a kansu.

Na uku, kuma mafi girma, shi ne yaɗuwar noma. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, hare-hare suka lafa, mutane suka fito daga cikin ganuwa suka kafa ƙauyuka da tungaye a dazuzzukan da da ba a shiga. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, gyaɗa da auduga suka zama kuɗi, haraji kuma ya tilasta wa kowane magidanci ya ƙara faɗin gonarsa. Jama'a ta yi ta ƙaruwa: ƙidayar 1952 ta ba Jihar Arewa mutum kusan miliyan 17, ta 1991 ta ba Nijeriya duka miliyan 88 da ɗoriya, yau kuwa an haura miliyan 200. Fari na 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 ya tura manoma da makiyaya zuwa fadamu da bakin koguna, wato ainihin wuraren da namun daji kan fake da rani. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye har ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka a shekarun 1980, aka bi gurbinsa da shuka.

Ita ma hukuma ta sauya matsayin maharbi. Dokar kare namun daji ta 1916, da wadda Jihar Arewa ta kafa a 1963, sun mayar da manyan namu ƙarƙashin ikon gwamnati, suka sa kashe su sai da lasin. Manufar dokokin mai kyau ce, domin ba don su ba da wataƙila ba a bar ko ɗaya ba. Amma sun karɓe iko daga hannun Sarkin Baka ba tare da sun ajiye wani a kusa da manomi wanda zai maye gurbinsa ba.

Gandun Daji Da Maƙwabtansa

Abin da ya rage na namun sai aka tattara shi a gandaye. An amince da kafa gandun Yankari a ƙasar Bauchi a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara ranar 1 ga Disamba, 1962. Ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, kogin Gaji ya ratsa tsakiyarsa. A yamma kuma aka haɗe dazuzzukan Borgu da Zugurma aka yi gandun Tafkin Kainji a ƙarshen shekarun 1970. Wani bincike da aka buga a 2014 ya nuna cewa zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma duka ba su fi kimanin 400 ba, na Nijeriya kuma, waɗanda ba su kai 50 ba, a waɗannan gandaye biyu kaɗai aka same su. Game da giwa, shirin kare ta da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2024 ya ƙiyasta cewa saura 300 zuwa 400 a ƙasar, alhali shekaru 30 kafin nan sun haura 1,000. Kimanin 100 daga cikinsu suna Yankari.

Mai karatu zai iya cewa, to ina abin tsoro a giwa 100? Amsar tana ga cikin giwar. Babban toro kan kai nauyin tan 6, kuma giwa guda kan ci abin da ya kai kilo 150 na ganye da ciyawa a yini. Yankari ba shi da katanga. Da rani giwayen kan taru a kwarin Gaji saboda ruwa, da damina kuwa sai su bazu, daidai lokacin da dawa da masara ke nuna a gonakin da yanzu suka matso har bakin iyakar gandun, a gundumomi irin su Duguri da Pali da Gwana. Garke ɗaya kan share gonar magidanci a dare guda, abin da bai ci ba ya tattake. Wanda ya fito da tocila da gwangwani don ya kore su yana wasa da ransa ne, musamman idan akwai uwa mai ɗa a cikinsu. Idan ya yi harbi ya karya doka, idan ya ƙyale ya rasa abincin shekara. Makiyayin da zaki ko kura ta kashe wa saniya shi ma yakan rama ta hanyar zuba guba a mushen, gubar ta kashe mai laifi da marar laifi, har da ungulu.

A Barno kuma giwayen baƙi ne masu zuwa da komawa. Suna fitowa daga gandun Waza na arewacin Kamaru, wanda madatsar ruwan Maga da aka gina a 1979 ta rage wa ambaliyar da ke rayar da ciyawarsa. A watan Disamba na 2019 an hango garke mai kimanin giwa 250 daga jirgin sama kusa da Rann, kuma manoman Kala Balge sun sha kai kuka kan ɓarnar da suke yi musu. Bahaushe ya ce giwa a garin wani zomo ce, amma wadda ta ƙetaro daga Waza ba ta san ta bar garinsu ba, domin hanyar da take bi ta girmi iyakar Nijeriya da Kamaru.

Dorina Da Mutanen Bakin Kogi

Cikin manyan namun nan, dorina ce ta fi kusa da jama'a a yau, saboda ita ba a gandu take ba, tana cikin kogin da ake su da wanka da fito. Takan wuni a ruwa, da dare ta hau tudu ta ci ciyawar da ta kai kilo 40. Namijinta kan wuce tan ɗaya da rabi, yana da kishin yankinsa na ruwa, kuma duk nauyin nan a guje ya fi mutum sauri. Madatsun ruwa irin su Kainji, da aka gama a 1968, da Kiri da Dadin Kowa a kan kogin Gongola, sun samar mata ruwa mai zurfi na dindindin, noman rani kuma ya mayar da makiyayarta ta bakin gaɓa gonakin shinkafa da masara. Dabbar da ta fito kiwo inda uwayenta suka saba sai ta tarar da shuka, mai shukar kuma yana kwance a bukka yana gadi.

A watan Nuwamba na 2014 dorina ta kifar da kwalekwale a Libore, kusa da Yamai ta Jamhuriyar Nijar, mutum 13 suka rasu, 12 daga cikinsu yara 'yan makaranta masu ƙetare kogi zuwa aji. A 2017 mutanen yankin Ayoru, a can Nijar ɗin, suka kashe dorinai fiye da 20 saboda ɓarnar gonaki da dabbobi. A Yawuri kuma, a ƙarshen daminar 2024, dorina ta kashe wani mai gadin lambu, tsoro ya hana masunta da manoma fita, har sai da aka yi makonni ana fakonta, aka kashe ta da zago, aka raba naman. Abin lura a nan shi ne, da rana ta ɓaci, ga tsohuwar sana'ar Sarkawa aka koma.

Kammalawa

Wannan tarihi ya nuna cewa zaman mutum da manyan namun daji bai taɓa zama na aminci ba, kuma sabo da su bai taɓa cire musu halinsu ba. Abin da ya sauya shi ne rabon haɗarin. A da gari duka ne ke ɗauke da shi, shi ya sa gari duka ya gina ganuwa, ya naɗa Sarkin Baka, ya girmama Sarkin Ruwa. A yau mutanen birni suna alfahari da giwar Yankari, baƙi suna zuwa kallonta su yi wanka a Wikki, amma wanda ke ciyar da ita da dawarsa shi ne manomin da ba ya cikin lissafi.

Ba za a sake gina ganuwa ba, ba kuma za a mayar da mutum miliyan 200 cikin kafi ba. Sai dai ana iya sake ɗora wa wasu alhakin tsare iyaka. An fara ganin haka a Yankari, inda ƙungiyar kare namun daji ta WCS, tare da Gwamnatin Jihar Bauchi, ta ɗaura wa wasu giwaye na'ura a wuya don sanin inda suka dosa, ta kuma ɗauki mutanen ƙauyukan kewaye su riƙa sanar da jama'a da ma'aikata idan garke ya tunkaro gona. A Kenya an gwada jera amya a gefen gona, aka ga giwa tana gudun ƙudan zuma. Abin da ya rage shi ne a bar wa dorina 'yar tazara ta ciyawa a bakin ruwa, a bar wa giwa hanyarta, a kuma biya diyya cikin hanzari ga wanda aka yi wa ɓarna. Muddin manomi ne kaɗai zai ci gaba da biyan kuɗin zaman giwa, to ranar da haƙurinsa ya ƙare gubar da ke hannunsa ta fi dokar da ke Abuja kusa da ita, kuma jikokinmu za su gaji kirarin toron giwa ba tare da sun san abin da ake kwatanta sarki da shi ba.